Buhun Wayoyin Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san buhun nan. Tsohon buhun taki ne da ya wanke tas, ya cika shi da tsofaffin wayoyi: wata gilashinta ya tsage, wata an ɗaure ta da roba, wata sai ka danne batir da yatsa kafin ta kawo haske. Ko ɗaurin aure za shi, buhun yana bayan babur. In aka tambaye shi mene ne a ciki, sai ya ce, "Jama'ata ce."

Kun dai tuna lokacin da 'yan bindiga suka hana shiga ƙauyuka, likitocin dabbobi suka ɗauke ƙafa, magani kuma ya yi tsada. A lokacin ne ni da Hadiza, wadda muka yi karatun kwamfuta tare, muka haɗa wata manhaja ta kyauta mai bayani da murya: in akuya ta kamu da ciwo kaza, ga abin yi. Rubutunta a buɗe yake, duk wanda ya iya ya sa hannu. Kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin gona a Batsari, shi ne muryar. Ranar da nake masa bayanin tsarin, ya katse ni.

"Kai, Nura! Gayya ke nan. Mi ya sa ka wahalar da ni da Turanci?"

Rigimarmu da shi guda ɗaya ce: wace irin waya manhajar za ta yi aiki a kanta, wace za mu haƙura da ita.

Wani abokina a Abuja ya matsa a yi ta iPhone. Kawu ya gyara zama.

"Awaki nawa gare shi?"

"Kawu, ko kaza ba ya da ita."

"To, ya fara da kazar. In ta yi mura, ya kira ni."

Sai kuma maganar Gwaggo, wato tsohuwar kwamfutarsa mai Windows na zamanin da, wadda sai ana yi mata fifita da mafici take aiki. Ya dage lallai manhajar ta hau kanta. Hadiza ta tambaye shi a ladabce ko mutum nawa ke amfani da irinta. Ya ce shi. Aka ce a yi ƙuri'a, ya ɗaga hannu biyu, wai ɗaya na Gwaggo ne. Haka muka yi ta wahala har ranar da ta yi hayaƙi a gabanmu. Ya dube ta da tausayi, ya ce, "Allah sarki, ta janye ƙuri'arta."

Har 'yar waya mai tocila, rakani-kashi, sai da ya yi faɗa a kanta. Na ce wannan kam ba ta ɗaukar manhaja, ko sama da ƙasa za su haɗu. Ranar kasuwa kawai ya bi masu irinta yana raba musu lambarsa. Daga nan wayarsa ba ta ƙara hutawa ba. In ta yi ƙara yana cin tuwo, sai ya lashe hannu ya ce, "Ku yi shiru, an buɗe manhaja."

Amma faɗa na gaske a kan tsohon Android muka yi shi. Shi ke cinye mana lokaci, duk gyaran da muka yi sai ya ɓalle a can. Na ce mu sallame shi. Kawu ya zazzage buhun a tabarma, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya: wannan irin ta masu kiwo a Darini ce, wannan ta matan Zakka.

"A bana, wanda ke neman kwanon masara ne za ka ce ya sayi sabuwar waya? Gayya ba ta tashi sai an gama kunyar baya."

Na ji haushi ƙwarai, na kuma ƙudurta a raina cewa wata rana sai na cire tsohon Android ɗin nan.

Ban kai ga cirewa ba Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Ranar sadakar uku, wata dattijuwa ta zo daga Zakka. Ta yi gaisuwa, sannan ta kwance bakin zane ta fito da waya ɗaure da roba, ta danna. Sai ga muryar Kawu a tsakar gida, yana faɗa a kan kumburin ciki na tumaki. Wasu suka yi dariya, mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi.

"Ɗana," in ji dattijuwar, "tunda Malam ya tafi, wagga ma za ta daina magana?"

Na ce, "Ba za ta daina ba, Inna."

Buhun yana bayan babur ɗina yanzu, kuma ba ya da nauyi kamar yadda na zata. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai yarda a bar na baya ba, ya Allah kada ka bar shi a baya. Amin.