Shafi na Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Kunne ya yi yana kula da injinan masaƙa. Kowace safiya sai ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya yi tsit. Da wannan sauraron ya riƙe gida, ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Ban daɗe da dawowa daga karatu a waje ba kamfaninmu na masu ba da shawara ya tura ni masaƙar. Aikina in tattara abin da tsofaffin ma'aikata suka sani, in mai da shi littafi.

"Ɗana, ba dai kora ba ce?" Baba ya tambaye ni ranar farko.

"Wallahi ba kora ba ce, Baba." Haka manajan masaƙar ya ce mana, na kuma yarda.

Sati shida ina biye da shi da biro. Bai ɓoye mini komai ba.

"In ka ji yana mita kamar surukata, mai yake so. In mitar ta koma ƙasa-ƙasa, kashe shi, kar ka jira manaja."

Na rubuta wannan a shafi na sha bakwai. Shugabar tawagarmu ta karanta, ta yi dariya, ta ce, "Abin da ba ya aunuwa ba ya shiga littafi. Cire." Na cire, na sa jadawalin zuba mai a gurbinsa.

Wata uku da miƙa littafin aka sallami Baba. Kafin shekara ta zagayo babban inji ya ci kansa, ana bin jadawali daidai. Manaja ya ce in je in lallaso tsohon, tunda ni yake jin maganata.

Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya rame. Na yi sallama sau biyu bai juyo ba.

"Ɗaga murya," in ji autarsa. "Ƙarar injin ta biyo shi gida. Tun da ya bar aiki kunnen ke tafiya."

Na yi ta ihu har ya gane. Ya yi murmushi.

"Kunnen ma ya yi ritaya, ɗana."

Ya shiga ɗaki ya fito da sukudireban, ƙotar ta yi sulɓi. Ya danƙa mini.

"Kai musu. Sauran ai ka rubuta."

Na karɓa da hannu biyu. Ban gaya masa na cire shafi na sha bakwai ba.