Ƙofar da Kawu Sale Ya Koya Mana Turawa

Da kakar bana Kawu Sale ya cika shekara tara da rasuwa. Wan mahaifiyata ne, tsohon hedimasta a Kusada, mutum mai faɗan tsiya da saurin saukowa. Ba zumunta kaɗai ta sa nake wannan rubutu ba. Da ba don shi ba, wallahi da takardar shiga jami'ata ta ruɓe a ƙasan adaka.

Tun da ya yi ritaya, duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu jami'a suka fito, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi su gida-gida, daga Kusada zuwa Kankiya, har Fakuwa da rugagen da ke bayanta. Ya tara su a wani aji da yake ara a firamare, kwana biyu cur. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ba shi ko ruwan sha. Mutanen gari suna kiran abin “lakcar Kawu”, wasunsu da tsokana.

Ranar farko bayani ne zalla: yadda ake rajistar kwasa-kwasai, da duba allon sanarwa kullum, da cewa malamin jami'a ba zai bi ka da bulala ba, in ka ga dama ka zo aji, in ka ga dama ka faɗi. Rana ta biyu ita ce ta ƙofa. Kawu zai zauna a tebur ya duƙufa kamar mai rubutu, a rufe ƙofar ajin, kowa ya fita ya dawo ya shigo da buƙatarsa. Shi kuwa ba ya amsa sallama, da gangan.

A shekarar da na samu gurbi, da aka zo kaina, na fita na yi sallama sau uku. Shiru. To ni a gidanmu ko ɗakin Inna ba a shiga sai an amsa. Sai na koma jikin taga na tsaya, ina ganin na yi abin yabo. Can sai ga Kawu ya banko ƙofa, hula a karkace.

“Ke Hadiza! Wa kike jira? Hakimi ne zai zo ya buɗe miki?”

Na fashe da kuka na ce, “Kawu, ai ba ka amsa ba.”

Na zaci zai ƙara hawa. Sai ya zauna a bakin baranda, ya kira sauran, ya ba mu labarin da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Ashe shi ma ya taɓa samun jami'a yana saurayi, shi ne na farko a unguwarsu. Kwana uku ya yi a ƙofar ofishin rajista yana sallama, ƙarar tafireta a ciki ta hana a ji shi. Yana kallon wasu suna tura ƙofa suna shiga, yana cewa a ransa ga marasa tarbiyya. Rana ta huɗu aka rufe rajista. Ya dawo gida ya ce wa mahaifinsu an ce babu gurbi, kuma a haka tsohon ya rasu bai san gaskiya ba.

“Gidan mutum daban, ofis daban,” in ji shi. “Yi sallamarki, ki ƙwanƙwasa, ki murɗa, ki shiga. Ba rashin kunya ba ne, ɗiyata.” Ya sa na maimaita har sau biyar, 'yan Fakuwa suna ta dariya.

Bayan sati uku na ga amfanin abin. Ranar ƙarshe ta rajista ce, sunana bai fito a jerin sashenmu ba, aka ce sai na ga wani jami'i. Ƙofarsa a rufe. Na yi sallama sau uku, shiru, ƙafafuna har sun fara juyawa da kansu. Na tuna Kawu zaune a baranda, na kama mariƙin ƙofar, na murɗa. Mutumin yana ciki yana cin gyaɗa, rediyo a kunne. Ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya karɓi takarduna ya sa hannu. Kai, na ji haushi ranar! Abin minti biyu ne fa ya cinye wa Kawu rayuwar da yake so.

Yau ni ma ina koyarwa a jami'a, kuma nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yanzu. Rajista ta koma cikin waya. Jami'o'i suna shirya wa sababbin ɗalibai taron wayar da kai a babban zaure, da lasifika da jawabin manya. Na san zai fara da tsaki, ya ce yara dubu a ɗaki guda wa ya ji wani, sannan ya lallaɓo ya ce a koya masa danna wayar. Amma duk taron da na halarta ban taɓa jin an yi maganar ƙofa ba, domin masu jawabin ba su san akwai wanda take tsayarwa ba.

Kawu bai bar gidan bene ba, bai bar littafi ba. Bai ma sake taka harabar jami'a ba, ko ranar da aka yaye ni cewa ya yi babur ɗinsa ya lalace. Na yi fushi da shi a lokacin, sai daga baya na gane. Waɗanda suka zauna a ajin nan nasa kuwa, akwai likita a cikinmu, akwai malamai, akwai mai duba lafiyar shanu, kuma duk inda muka haɗu hirar ƙofa muke yi.

Makon jiya ina ofis, fanka na ta ƙara, sai na lura da inuwar ƙafafu ta ƙasan ƙofa. Na buɗe, na tarar da wata yarinya rungume da fayil, ta ce tun safe take nan, ta yi sallama ba a amsa ba. Ban bar ta ta shigo ba. Na mayar da ƙofar na rufe, na ɗaga murya daga ciki na ce ta sake sallama, ta ƙwanƙwasa, ta murɗa da hannunta. Na koma kujera, na ƙi amsa sallamarta. An ɗan jima, sannan na ga mariƙin ƙofar ya motsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya amsa masa sallamarsa tun a ta farko.