Bokiti Ɗaya da Lungun Bayan Rumbu

Akwai wani rani da ba na jin zan manta da shi muddin ina numfashi, wato ranin da na kusa rasa lungun bayan rumbunmu.

Ina aji biyar na sakandare a Daura lokacin, a shekarun farko da aka soma aiki da shari'a a jiharmu. Mahaifina malami ne, sai zaurenmu ya riƙa cika da magidanta masu ɗaukar karatu tun daga la'asar. A zauren nan nake nazarina a da. Ni kuwa ko gaisuwa ce sai na shirya ta a zuci kafin ta fito, don haka na tattara littattafaina na koma wani ɗan fili a bayan rumbu, wanda bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Babu kowa a wurin, babu kuma inuwa. Rashin kowan nake so. Inuwar ce na ce zan samar da kaina.

Na buɗe littafin aikin gona, na zana lambu da rula, na roƙo ayaba da gwanda da wasu furanni a wajen mai kula da lambun makarantarmu. Kullum sai sun sha bokiti huɗu. Da rijiyar unguwa ta fara ja da baya, sai na koma kan randunan gida, har mahaifiyata ta kai ƙarata. Duk da haka ba su yi wata biyu ba suka ƙone ƙurmus.

A daidai lokacin ne baffana, ƙanin mahaifina, mai sana'ar raguna a kasuwa, yake neman inda zai kafa turaku. Ya tsaya a kan busasshiyar ayabata ya ce, "Yaya, filin nan asararsa ake yi. Ɗan boko ya shayar da shi ruwan gida kaf, ga abin da ya haifa."

Mahaifina ya dube ni. Sai ya ce, "Bokiti ɗaya a rana, ba ƙari. Ranar da hadarin farko ya taso za mu zo mu duba. In babu abu mai rai a nan, baffanka ya ɗaure ragunansa."

Kakata, wadda ta haife su su biyun, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin komai. Da suka watse ta ce, "Maigidana, wannan fuskar fa? Haka za ka bari a kore ka daga gidanka ina kallo? Ranar Asabar ka raka ni Sandamu."

Na ɗauka gaishe-gaishe za mu. Mun yi gaisuwar kuwa, amma bayan azahar sai ta ja ni bayan gari, zuwa kufan gidan da aka haife ta. An tashi daga wurin tun mahaifina yana yaro. Katanga ta koma tudu, rijiya ta rufta, rana kuma kamar a kan mutum ɗaya take. Amma shingen aguwa yana nan a jere, ya nuna iyakar gidan kamar jiya aka dasa. Ga wani tsohon lalle a inda ta ce nan ne bayan ɗakin uwarta. Can gefe kuma ga wata bishiya gajera mai kumburarren gindi, ba ganye ko ɗaya, sai furanni jaja-jaja a kan rassanta. Ta ce sunanta kariya.

"Wa yake ba su ruwa?" ta tambaye ni.

Na ce, "Ba kowa, Hajiya."

"To kai da ka tashi shuka, me ya kai ka wajen ayaba? Littafin naka bai ce ka fara duba wanda ya zauna ba kowa ba?"

Littafin bai ce ba. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin. Duk Daura da kewayenta cike suke da amsar da nake nema, a bakin gonaki da kufai da gefen hanya, ni kuwa ina ta nemanta a hoton wata ƙasa mai ruwa.

Muka saro aguwa da rassan lalle, muka haƙo wata ƙaramar kariya da gindinta, 'yan uwa kuma suka ba mu sandunan zogale. Kakata ta gargaɗe ni kada farin ruwan aguwa ko na kariya ya taɓa mini ido. Direban motar da muka shiga sai da ya tambaya ko makamashi ya yi wuya ne a Daura.

Nan ne na yi kuskuren da har yau nake dariyarsa. Ina isa gida na dasa komai a ranar. Sannan na samo gwangwanin madara, na auna bokitina, na raba wa kowace shuka daidai wa daida, safe da yamma, ina rubutawa a littafi. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Bayan kwana goma sai gindin aguwa ya yi baƙi, na taɓa kariya na ji ta yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, lalle da zogale kuwa suka yanƙwane don ƙishi.

Kakata ta zo da sandarta, ta duba shukar, ta duba littafin da ba ta iya karantawa, ta ce, "Me ka rubuta a nan?"

"Rabon ruwa ne. Kowa gwangwani biyu."

"Allah sarki. Ko gado ai ba haka ake raba shi ba, je ka tambayi ubanka. Kowa da nasa rabon. Waɗannan ka kashe su da kirki, waɗancan ka kashe su da rowa, duka da awo ɗaya."

Ta sa na tumɓuke aguwar da kariyar, na yanke inda ya ruɓe, na shafa toka, na jingine su a inuwar rumbu har mako guda sai da bakin yankan ya bushe. Sannan na mayar da su cikin busasshen yashi. Ta ce, "Daga yau kada su ƙara ganinka da bokiti." Ruwan gaba ɗaya ya koma kan lalle da zogale, sau ɗaya da yamma, na rufe gindinsu da ƙaiƙayi. Ta kuma ce in riƙa yin alwalata a gindin lallen.

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan rashin aikin ba. Bazara ta kankama, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ina wucewa ta gaban aguwa da ruwa a hannu ba na zuba mata. A littafina na buɗe sabon layi, kullum ina rubuta "ban ba su ba". Baffa in ya leƙo sai ya ce, "Likitan itatuwa, yaya marasa lafiya? Sandunan nan ka bar mini su, za su yi turaku."

Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, bayan la'asar, sai ga baffa da turaku a kafaɗa da igiya a hannu. Mahaifina ya sallami ɗalibansa ya shigo. Gaskiya daga nesa wurin bai yi kama da lambu ba, sanduna ne a tsaye.

Mahaifina ya ce, "To, nuna mana."

Na so in miƙa masa littafin kawai. Amma na san in na yi shiru yau, shi ke nan. Na durƙusa na kankare bawon lalle da farce, ɗanyen kore ya bayyana. Na nuna ƙananan ganyen da suka tsiro a wuyan zogale, da kan aguwa da ya fara toho. Na ce, "Baba, duk suna da rai. Aguwa da kariya ma kwana arba'in ba su sha ko ɗigo ba." Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gabansu.

Baffa bai ji ni ba ma. Idonsa yana kan kusurwa, inda furanni uku suka buɗe a kan reshe marar ganye. Ya sauke turakunsa a hankali ya ce, "Wa ya kawo kariya gidan nan?"

Kakata ta ce daga bayanmu, "Ni ce."

"Haba Hajiya. Kin san fa in rago ya ci wannan sai dai wuƙa."

"Na sani tun ba a haife ka ba."

Mahaifina ya juya baya yana gyaran murya, amma na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya. Baffa ya kwashe kayansa ya nufi ƙofa, sai ya tsaya ya ce, "Ɗan boko, aguwar nan in ta yi ƙarfi ka saro mini. Awakin mutane sun dame ni a gona." Da na kai masa daga baya, ni na gaya masa ya bar ta ta sha iska mako guda kafin ya dasa, ya kuwa saurare ni.

A inuwar zogalen nan na yi karatun jarrabawar fita. Kakata ta rasu da daɗewa, amma matan gidanmu har yanzu lallen nan suke tsinka, kariyar kuma tana fure duk rani a bayan shingen aguwa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka shuka abu ka fara duba wanda ya saba da ƙasarka da ranarka, don shi ne zai zauna ko ba ka nan. Kula kuma ba yawan bayarwa ba ne. Wani yana son bokitin duka, wani kuwa alherin da za ka yi masa shi ne ka wuce shi da ruwanka a hannu.