Ranar da Aka Danne Sanƙo

Tobiya mai walda ne a unguwar Mayo Gwoi da ke Jalingo, kuma abokin gardamata tun muna da gashi a tsakiyar ka. Ni Maishanu ake ce mini, duk da ko akuya ban mallaka ba. Katifa nake sayarwa a kasuwa. A Mutum Biyu muka taso, shi ɗan manomin doya, ni ɗan Bakatsine mai sayar da gishiri. Abin da ya haɗa mu benci ne a gidan bidiyo, inda ake saka kaset ɗin resilin duk ranar kasuwa.

Sunayen 'yan kokawar nan sun ƙi zama a bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Gwanin Tobiya shi ne Sanƙo, wani gajere mai wuya kamar turmi. Nawa Mai Alkyabba, dogo, mai shigowa fili yana taƙama. A duk kaset ɗin da ya iso garinmu ba a taɓa haɗa su ba, don haka muka ɗora wa kanmu aikin gano wanda zai kayar da wani. Mun yi gardamar a hanyar rafi, mun yi ta ranar aurensa da Rebeka har dattawa suka harare mu. Da muka dawo Jalingo da zama, tare da gardamar muka taho. Wani malamin makaranta ya taɓa ce mana ai duk faɗan shiri ne. Ranar ce kaɗai muka haɗa kai, muka yi masa ca.

Tobiya bai iya magana a hankali ba, injin yanka ƙarfe ya cinye masa kunne, gaisuwarsa ma kamar faɗa take. Bai yarda a kama masa kaya ba. Na ga ya saɓi ƙyauren ƙarfe shi kaɗai, mutane na tsaye, yana ce musu su matsa kada su ji ciwo.

Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin aiki. Allah ya tashe shi, amma hannun dama ya yi nauyi, ƙafa tana ja. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu, ya riƙa fita shan iska. Tobiya ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. 'Yan cocinsu suka yi ta zuwa, matan zumunta, maƙwabta, kowa da sannunsa a baki, kowa yana rage murya. Ni ma da nawa shirmen na je. Na zauna a bakin gado na ce, "Ka san wani abu, na yi tunani, Sanƙon nan naka ya fi Mai Alkyabba."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa bango. Gaskiya na tsorata. Ciwon bai kashe shi ba, amma na ga abokina yana ƙarewa a zaune, kuma har da hannuna a ciki.

Wata rana na kai katifa unguwar Sarkin Dawaki, sai na ji ƙararrawar resilin daga wani shago. Na leƙa. Ga Mai Alkyabba a talabijin, saurayi sharaf, ko furfura babu, ni da nake yaro lokacin da na san shi har na fara riƙe ƙugu in zan miƙe. Mai shagon, wani magidanci da ake kira Elvis, ya ce gem ne, an zuba tsofaffin 'yan kokawa a ciki, duk biyun da kake so sai ka haɗa su, kai ne kake juya naka da hannu. Na kwatanta masa Sanƙo, ya latsa, ga shi ya fito da wuyansa.

Nan take dabara ta zo mini, har ina jin kaina wani mai hikima. Zan kawo Tobiya, in bari ya lallasa ni, ya ji daɗi. Da na gaya wa Furera, matata, cewa ta yi, "Da jikokinka za ka shiga gidan gem? To, Allah ya rufa asiri."

Da na faɗa wa Tobiya, sai ya ce, "Ƙarya ne." Ya yarda ya shiga Keke Napep ne kawai don ya kama ni da ƙarya.

Samarin da ke shagon suka tashi suka ba mu benci. Elvis ya miƙa mana abin latsawar, yana bayanin wanne ne naushi, wanne ne kamu. Ban saurara ba. Wanda ya zo faɗuwa me zai yi da darasi? Tobiya ya ɗora nasa a cinya yana taɓawa da hannun hagu, na daman yana kwance a gefe.

Aka buga ƙararrawa. Na tura Mai Alkyabba can lungu don ya tsaya a zo a same shi. Ban san abin da yatsana ya taɓa ba, sai ga shi yana hawa igiya. Na ruɗe, na shiga latsa komai don ya sauko. Ya sauko kuwa, amma ta sama, a kan ƙirjin Sanƙo. Na ƙara latsawa don in ɗaga shi, sai ya kama ƙafar mutumin ya danne. Alƙalin wasa ya kwanta ya buga ƙasa sau uku.

Samarin suka juyo suna kallona. Ni, da girmana da hulata, na doke marar lafiya a gaban jama'a. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Maishanu," in ji Tobiya, da muryar nan da na yi watanni ban ji ba, "kai ɓarawo ne. Ka zo nan a ɓoye ka koya, ko? Elvis, saka mana kuma. Wannan mutum bai da kunya."

Ya jawo hannun damansa da na hagu, ya ɗora a kan abin latsawar. Da ƙyar ne, amma yatsun sun kama. A karo na biyu ban yi ƙoƙarin komai ba, tsoro ya hana ni, kuma haka aka sake danne Sanƙo, don shi ma Tobiya bai san abin da yake yi ba. Tun daga Sarkin Dawaki har ƙofar gidansa zagina yake yi, mai Keke yana dariya.

Washegari Rebeka ta zo rumfata. Na miƙe ina shirya ban haƙuri.

"Baban Fadila, useko," ta ce mini, wato na gode da Fulatanci. "Jiya ya cinye tuwo duka. Yanzu yana zaune a waje, yana matsa lemu da hannun nan, wai ba zai mutu ba sai ya kwantar da kai. Don Allah kar ka bari ya ci ka a wasan. In ya ci ka yanzu, zai koma ɗaki."

Na gyaɗa kai kamar wani gwani na ce ta bar komai a hannuna. Ban iya gaya mata ko maɓallin naushi ban sani ba.

Shi ya sa yanzu, bayan la'asar, nake barin katifu in tafi shagon Elvis ɗaukar darasi, samari suna ce mini Baba Champiyon. Furera ta daina magana, kallona kawai take yi. Tobiya kuwa ya koma leƙa wurin aikinsa, yana yi wa ma'aikatansa tsawa, yatsunsa suna ƙara sauri. A karawarmu ta bayan nan sai da ya danne ni har alƙali ya buga biyu, da ƙyar na kuɓuta, gumi har cikin hula. Ranar da zai kayar da ni tana tafe, na sani. Ina tsoronta, kuma babu sallar da ba na roƙon Allah ya nuna mini ita.