Mangwaron Ɗan'azumi

A Kontagora duk wanda ya san kakana Ɗan'azumi, da tulun zuma ya san shi. Amma kafin tulun akwai wata kwalba.

Zamanin Turawa shi ne kukun Di'o, Baturen mulki, a bariki. Mutum ne marar magana, mai tsoron haram har ana yi masa dariya, don ko tukunyar da aka dafa naman alade ba ya wankewa sai da doguwar sanda. Matar Di'o kan yanka mangwaro lokacin da ya yi yawa, ta jera a kwalba, ta zuba barasa don kada ya ruɓe. Da za ta tafi ƙasarsu, sai ta bar masa guda ɗaya.

A shekarar, bayan girbi, mahaifiyarsa Zinariya ta kwanta. Bakambara ce daga Ibeto. Ba tuwo ba kunu, sai mangwaro kawai take kira, ga shi kuwa ko fure bai fara ba. Kullum ta farka sai ta ce ta ga kanta yarinya a gindin bishiyar gidansu, 'ya'yan na faɗowa a hankali kamar ba sa son isa ƙasa.

Ɗan'azumi ya rungumi kwalbar ya kai wa malamin unguwarsu. Malam ya buɗe, ya shaƙa, ya kawar da kai. Ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, kuma mangwaron nan ya sha ya ƙoshi. Sai dai giya idan ta juye da kanta ta zama ruwan tsami, ƙarfinta ya mutu, to ta tsarkaka.

Wannan maganar ta ƙarshe kakana ya riƙe. Ya cire murfin, ya ɗaure bakin da ƙyalle, ya ajiye kwalbar a tagar ɗakin tsohuwa yana jira ta juye. Allah sarki, babu wanda ya gaya masa barasar Turawa ba irin mai juyewa ta yi tsami ba ce. Har yau ina jin haushin wannan.

Kowace safiya kafin ya wuce bariki sai ya shaƙa. Rana takan bi ta cikin kwalbar ta zuba rawaya a bango, tsohuwa ta yi ta kallo tana murmushi, tana magana da Kambarci da mutanen da suka daɗe da rasuwa. A rana ta sha tara da ajiye kwalbar ya durƙusa gabanta, ya ce zai ba ta, zunubin a kansa.

Ta ce, "A'a ɗana. Na kusa isa gindin bishiyar, kada ka ɓata mini baki."

Bayan la'asar ta cika. Ya kai kwalbar bayan gari ya binne.

Da mangwaro ya nuna, ya yanka ya shanya, ya zuba cikin zumar Kambari ya toshe tulun. Ya koma wurin malam, malam ya lasa ya ce halal tsantsa. Shekara talatin da wani abu, in aka ce wani na kwance yana marmarin abin da ba lokacinsa ba, za ka ga Ɗan'azumi tafe da ƙoƙo.

Mu jikoki mun sha, har muna lashe yatsu. Shi kuwa ban taɓa ganin ya kai ko yanka ɗaya bakinsa ba.