Tantabara ba ta hawa Keke

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta ranar da na raba gardamar babana da amininsa ba, saura mako biyu ɗaurin aurena.

Su biyun mayun tantabaru ne. Mu muna Bulumkutu, shi kuwa aminin, wanda nake kira Baffa, yana can bayan Kasuwar Shanu. Wata Asabar suka je wani fili a tsakiyar gari, kowa ya saki tantabararsa don a ga wadda za ta riga isa gida. Mutanen gida suka riƙe lokacin da kowacce ta sauka, ta Baba ce ta riga. Baffa ya ce ai gidansa ya fi nisa, Baba ya ce ƙarya ne, a tambayi kowane mai Keke Napep. Wasa-wasa magana ta yi tsami, har Baffa ya rantse ba zai taka gidanmu ba. Kuma shi ne waliyyina! Ni fa hankalina ya tashi, don ba na son kowa ya ba da aurena in ba shi ba.

Safiyo na karanta, wato awon ƙasa, kuma ba na wasa da aikina. Na je filin na ɗauki lambobin da ke nuna wurin a taswira da wayata, na ɗauki na ɗakin tantabarun Baba, na je na ɗauki na Baffa. Akwai manhajar da in ka ba ta lambobin wuri biyu, za ta faɗa maka nisansu a miƙe, ba kwana ba lungu. Da ƙyar na lallaɓo Baffa ya zo, ya zauna a bakin tabarma yana kallon bango.

Na ce, "Baba, a mota gidanmu ya fi nisa, gaskiyarka. Amma a miƙe na Baffa ya fi, kuma in aka duba lokacin da kowacce ta ɗauka, tasa ta fi taka gudu."

Baba ya zaro ido. "Ke 'yar wa ce a nan?"

"Taka ce mana. Amma Baba, tantabara tana hawa Keke ne? Ko ka taɓa ganin ta tana zagaya shataletale?"

Baffa ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ban sauke ido daga wayar ba, don na san awona daidai ne. Baba ya karɓa, ya juya ta, ya yi tsaki. Can ya ce wa Baffa, "To ga ta nan, ka aurar da abarka. Dama taurin kanku ɗaya."

Baffa ne ya ba da aurena.

Tun ranar, in na ga mutum biyu suna kumfar baki, sai na fara tambayar me kowa yake aunawa. Sau da yawa ba maƙaryaci a cikinsu, wani hanya yake bi, wani sama.