Rediyon Baffa da Ruwan Farko

Shekarar da zaman daji ya gagara, Baffa, ƙanen mahaifina, ya baro rugarsu ta wajen Kaya, a yankin Maradun, ya dawo gidana a Talata Mafara. Shanun ya ba surukinsa ya yi kudu da su. Abin da ya shigo da shi sanda ce da buta da tsohon rediyonsa mai rigar fata, wanda ya girme ni.

Baffa bai iya zaman gari ba. Ya zauna a zaure, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo. Rediyon nan kaɗai ke zaunar da shi. Sai batir ya zubo ruwa a ciki, ya cinye ƙarafan, rediyo ya yi gum. Na kawo masa waya mai rediyo, ya juya ta ya miƙo mini.

"Wagga ba ta da wurin murɗawa. In ban jin labari nan, sai in tahi gida in jiyo da kunnena."

Na bar masa wayar duk da haka, amma na san Baffa ba ya faɗin abu sau biyu. Na ɗauki rediyo na shiga gari kamar mai neman maganin maciji. Masu gyaran yanzu waya suka sani. Ɗaya har da dariya, wai in kai gidan tarihi. Na ɗauki abina na fita. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a Bakura.

Dattijon nan ya ƙure haƙurina. Gaisuwa kaɗai sai da na gaji da amsawa. Ya buɗe bayan rediyon, ya kankare tsatsa, ya ciro ƙarfe daga gawar wani rediyon ya liƙa da dalma. Zaren da ke jan allura ya ruɓe, ya ce sai ya samo irinsa, in dawo. Na dawo, ya ce lasifika ta yage. Ni kuwa kullum na koma gida sai na fara duba bayan ƙofa, in ga ko sandar Baffa tana nan. Abinci ma a tsaye nake ci.

Ranar da na karɓo rediyon, har rigar fatar an shafe da man shanu tana ƙyalli. Na shigo ina ji da kaina. Baffa ya ja eriya, ya kara kunne, ya murɗa a hankali har shuuu ɗin ya washe. Ya yi murmushin da ban gani ba tun zuwansa. Na ce a raina, shi ke nan, na ɗaure tsoho.

Da la'asar sai mai labarai ya ce an yi ruwan farko mai yawa a yankin Maradun, har wasu sun fara komawa shuka. Baffa ya rage murya. Ya daɗe yana kallon gabas.

"Ka jiya? Ciyawa ta kusa."

"Baffa, hanyar ba ta yi kyau ba tukuna."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Gyaran ya yi."

Washegari na duba bayan ƙofa, babu sanda. Na ji haushin dattijon Bakura, na ji haushin kaina, tsoro ya rufe ni. Wayar da na saya masa tana kan tabarma, ya ajiye ta daidai inda zan gani.